Hatsin Gidan Tururuwa

Waɗanda suka san ni sun san ba a ɗauko maganar littafi a gabana a tashi da wuri. Na yi shekara talatin da ɗoriya ina koyarwa, yanzu na ajiye alli, amma bakin bai huta ba. Littattafan da na fi so su ne waɗanda marubuci zai ɗauki wani zamani da ya wuce, ya zuba mutanen da ya ƙirƙira a ciki, ya bar su su yi rayuwarsu. Ina da ƙorafi a kansu ba ɗaya ba. Wasu marubutan sukan sa wa kakanninmu wankakkun riguna kamar kullum Sallah ake yi. Wasu ba su san nisan rijiya ba, sai ka ga mace ta tafi ɗiban ruwa ta dawo a layi ɗaya. Wasu kuwa kowa a littafinsu jarumi ne, babu ko mai ciwon haƙori. Duk wannan ina faɗa, kuma zan ci gaba da faɗa. Abu ɗaya na daina, shi ne in ce marubuci ya yi ƙarya don kawai abin da ya rubuta ya fi ƙarfin hankalina. Na faɗi haka sau ɗaya a tsakar gidanmu ina ɗan shekara goma sha shida, kuma har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun yi zafi.

Shekarar babban farin nan ce, soja na da kimanin shekara goma a kan mulki. Ƙauyenmu yana kusa da Baudeta. A daminar nan sau biyu Baba ya yi shuka, sau biyu rana ta ƙone ta. Bai yi ta uku ba. Sauran irin ya mayar da shi cikin ƙaramin rumbun da ke bayan ɗakinsa, ya barbaɗa toka, ya liƙe bakin da laka. Irin nan ba hatsin ci ba ne. Kowace kaka Baba da kansa yake bin gona yana zaɓen zangarniya ɗaya bayan ɗaya, mai tsawo, mai cikakken ido, kamar yadda ubansa ya yi, kuma hatsi ne mai saurin nuna wanda ya saba da rairayinmu. A gidanmu mace ba ta buɗe wannan rumbu, yaro ba ya leƙa shi. Da Baba zai tafi kudu neman abin da za mu ci, ta daji don an rufe iyaka, ya tsaya a gaban rumbun ya ce ko me za a ci a ci, ko me za a sayar a sayar, amma wannan shi ne gonar baɗi.

Ni kuwa na koma kwaleji a Tasawa. A lokacin ɗalibin ƙauye akan nema masa mai masauki a gari, iyayensa su riƙa aiko da hatsi ana haɗawa a tukunyar gidan. Shekarar nan yara da yawa masu masaukinsu sun sallame su, don an daina aiko da komai, sun koma ƙauye karatu ya ƙare. Ni nawa bai taɓa yankewa ba. Duk wata, ranar kasuwa, wani mai jaki daga ƙauyenmu zai miƙo mini ɗan buhu a tasha. Hatsi ne fes, manyan ƙwayoyi, babu tsakuwa babu ƙaiƙayi. Ranar farko matar mai masaukina ta ɗebo shi a tafin hannu, ta juya, ta dube ni, ta ce lalle Innata na sona. Na yi dariya, don ni ɗan fari ne. Inna ba ta kiran sunana, ba ta zama inda na zauna, ban taɓa ganin haƙoranta saboda wani abu da na yi ba. Na ɗauka matar ba'a take yi mini.

Ban tambayi kaina daga ina hatsin yake fitowa ba. Rediyo kullum tana cewa motocin taimako suna kan hanya, kuma ni da idona ina ganin kamyo, babbar motar kaya, cike da jar dawa yana tsayawa a bakin ofishin gwamnati, soja na tsare da shi. Na haɗa lissafina na huta. Na ce Baba na aikowa daga kudu, gwamnati na rabawa, gidanmu lafiya lau. Wanda yake ƙoshi ba ya wahalar samun hujja, kuma ni a lokacin ƙwararre ne.

A shekarar ce silima ta kama ni. Wani ɗan kasuwa ya mai da tsohon wurin ajiyar gyaɗa gidan kallo, tunda gyaɗar ta daina zuwa. Babu rufi, bango ɗaya aka shafa wa farar ƙasa, ana farawa bayan magariba. Finafinansa ba su da yawa, sai ya riƙa maimaita su. Akwai ɗaya da ya tafi da hankalina, na zamanin takubba. Abokan gaba sun kewaye wani birni mai ganuwa, sun hana shiga sun hana fita, yunwa ta kama mutanen ciki. Akwai wurin da wata kyakkyawar mace za ta kife tukunya a nuna babu komai a ciki, ta ɗaga ido sama, kiɗa ya tashi, hawaye ya zubo mata a kumatun da suke cike tam. A ƙarshe jarumin ya fita ta wata ƙofar ɓoye, ya dawo da mayaƙa da amalanken abinci, a buɗe ƙofar birni kowa na ihu. Na san fim ɗin kamar karatun allo. Ina iya faɗin inda zaren zai tsinke a kunna fitila mutane su yi ta zagin mai inji.

Kuɗin shiga fa? Ba ni da su. Amma buhun nan hannuna yake fara shiga kafin ya kai gidan mai masauki. Sai in ratse wurin wata mai fura a bayan tasha, in auna mata tiya ɗaya, wani watan biyu. Ba ta taɓa yin ciniki da ni ba, abin da na ce shi take ba ni. Na lura ba ta zuba hatsina a ƙwaryar da take zuba na sauran mutane, wani ƙyalle take ɗaukowa ta ƙulle shi daban. Na lura, na wuce, don hankalina yana kan ganuwar birnin can.

Littafin kuwa malaminmu na Faransanci ne, wanda muke ce wa mushe, ya ara mini, da ya ga ina da kwaɗayin karatu. Labarin wani gida ne a wata babbar yunwa ta zamanin kakanni. Na so shi ƙwarai, har na kai wani babi inda marubucin ya ce matan garin sun fita daji da fartanya suna tona gidajen tururuwa, suna kwashe ƙwayar da ta tara, su kawo gida su dafa. Har ya ƙara da cewa wannan ƙwaya ba ta shukuwa, don tururuwa takan gutsure idonta kada ta tsiro mata a cikin rami. Nan na rufe littafin raina a ɓace. Na taɓa jin ana faɗin tonon tururuwa, amma a bakin masu zagi, irin maganar da ake yi wa wani gari don a ci masa fuska. A farin da ya gabata ina ƙarami, kuma Baba yana da shanun sayarwa. Na yanke hukunci cewa mutumin nan ya zauna a birni ne ya ƙirƙiro abin da zai sa baƙi su tausaya mana. Yunwar silima ta fi yi mini kama da gaskiya, don ita tana da kiɗa kuma tana kuka a fili.

Da aka ba mu hutun tsakiyar bazara na sa littafin a jaka na tafi gida. Ƙauyen ya yi shiru. Gidaje da yawa an jingine musu ƙaya a ƙofa, babu carar zakara, ba ka jin daka. Na ce a raina zafi ne. Ƙanwata, mai shekara goma sha uku, ta rame har wuyanta ya yi tsawo, na ce girma ne. Aka kawo mini tuwo baƙi-baƙi, mai ɗan tsami, yashi na ƙara a haƙori. Na ce wannan ita ce dawar taimakon, na cinye, har na yi sharhi cewa gwamnati ta riƙa tankaɗe abin da take ba mutane.

Washegari da la'asar muna zaune a rumfa ni da ƙanwata, Inna tana can gefe ta ba mu baya tana tsintar wani abu a faifai. Na ɗauko littafin ina fassara wa ƙanwata, ina ɗaga murya don Inna ta ji abin da ɗanta ya iya. Na kai babin tururuwa na fassara shi tsaf. Sannan na rufe littafin na fara wa'azi. Na ce wannan ƙarya ce tsagwaronta. Na ce Bahaushe mai mutunci gara ya mutu da ya durƙusa yana ƙwacen abincin ƙwaro. Na ce in ma an taɓa yi, to mahaukata ne suka yi, ko waɗanda ba su da asali. Na daɗe ina magana, don ina jin daɗin muryata.

Ƙanwata ta tashi ta shige ɗaki. Inna ba ta juyo ba, hannunta dai ya tsaya a kan faifan.

Ta ce, “Shi mai takardar, ya hwaɗi ana bar masu nasu rabo?”

Na ce rabon wa? Ta ce na tururuwar. Na ce a'a, bai faɗa ba.

“To bai gama sani ba,” in ji ta, ta ci gaba da tsinta.

Wallahi ko a nan ban gane ba. Na ɗauka labarin tsofaffi take tunawa, har na ji daɗi cewa ita ma ta samu marubucin da kuskure.

Bayan sallar asuba ƙanwata ta taɓa ƙafata ta ce in biyo ta. Muka wuce gonaki, muka shiga wani fako da ke yamma da gari, gari na wayewa. Ta tsaya a bayan wata sabara ta nuna mini da haɓa.

Mata ne, sun kai goma, warwatse nesa da juna. Kowace tana cikin raminta. Babu mai gaida wata, babu mai duban wata, ko da a ce maƙwabta ne katanga ɗaya. Daga baya na ji haka ake yi, wadda ka gani a can ba ka gan ta ba. Ta kusa da mu Inna ce. Ramin ya kai mata ƙugu. Ta ɗaure bakin zanenta da igiya, tana sara da fartanya, ta durƙusa ta sa hannu har kafaɗa ta jawo ƙasa ta zuba a ƙwarya. Hannayenta baƙi ƙirin da tururuwa. Ba ta karkaɗe su sai sun kai wuya. Na ga ta tashi, ta sheƙe ƙasar a iska, abin da ya rage a ƙwaryar bai fi cikin tafi biyu ba, hatsi da ƙwayar ciyawa da ƙarangiya a gauraye. Ta ɗebi kaɗan ta mayar cikin ramin, ta tura ƙasa a kai da ƙafa.

Na zauna a ƙasa. Na tuna tuwon shekaranjiya da yashin da ke cikinsa, na tuna abin da na ce a rumfa, kalma bayan kalma, da bayanta da ta ba ni. Ban taɓa jin tsoron kaina irin na wannan safiya ba. Ƙanwata ta ɗaga hannun rigarta ta nuna mini nata hannun, duk tabon cizo, ta ce tun sanyi suke yi, taimakon gwamnati sau biyu ya iso ƙauyen, kuma daga Baba ba a ji komai ba.

Na ce to hatsin da ake aiko mini fa?

Ta dube ni kamar ba ta taɓa ganin wawa irina ba. Ta ja ni muka koma gida kafin Inna ta dawo, ta kai ni bayan ɗakin Baba. Bakin ƙaramin rumbun a liƙe yake, amma lakar sabuwa ce, da shaidar yatsun mace a jiki. Ta ɓamɓare ta. Na leƙa. Toka ce a ƙasa da ragowar zangarniyar da aka sussuke. Ta ce duk wata Inna takan ciro dami ɗaya, ta sussuka a cikin ɗaki don kada maƙwabta su ji, ta sake liƙewa. Ta ce Inna ta ce ba za a aika wa mutanen birni hatsin rami a raina ni ba, kuma ba za a sallamo ni kamar 'ya'yan wasu ba. Buhun da na karɓa a watan da ya wuce shi ne na ƙarshe.

Na ce ba zan koma lakwal ba, na bar karatu ke nan. Inna ba ta yi mini magana ba, sai ta aiko ƙanwata ta ce in na zauna to irin ya tafi a banza ke nan. Na koma. Mai masaukina ya riƙe ni sauran watannin ba tare da an aiko da komai ba, Allah ya jiƙansa. Ranar da na isa, kafin in ajiye jaka, na nufi wurin mai fura, ina fatan ko ƙullin nan ɗaya ya rage.

Ta ce, “Ai tun ranar hwarko na san iri ne. Wa ka daka wanga hatsi? Manoma na saida ma shi, na wajen Kona. Ni na ɗauka gidanku kun ƙoshi ne.”

Ashe ta sani. Matar mai masaukina ta sani. Mai jakin da ke kawowa ma ya sani. Ɗan manomi ɗaya ne a duk Tasawa da ya riƙe irin ubansa a hannu wata shida bai gane shi ba, kuma shi ne mai karanta littattafai. Na mayar wa mushe littafinsa, ya tambaye ni ra'ayina, na ce ban gama tunani ba. Ya yi mamaki, don ya san ni ba na rasa ra'ayi. Silima kuwa ban sake shiga ba sai bayan shekaru, kuma fim ɗin birnin nan ban ƙara kallonsa ba har yau, ko da yake in aka tambaye ni wanda na fi so, shi nake faɗa, don gaskiya ce.

Ruwa ya sauka da kyau a daminar da ta biyo baya, ana gab da ba mu babban hutu. Baba bai dawo ba tukuna. Da na iso gida na tarar Inna da ƙanwata sun yi makonni suna tsince ƙwayar hatsi ɗaya-ɗaya daga abin da suka tono, suna ware wadda suke ganin idonta bai taɓu ba. Ta cika ƙaramar ƙwarya. Na san abin da littafin ya ce, amma wannan karon na ja bakina na yi shiru, ina roƙon Allah ya sa a nan ne marubucin ya yi ƙaryar. Ni na yi sara, su suka bi ni suna zubawa suna rufewa da diddige.

Kwana biyar muka ba shukar, sannan muka ƙara uku. Gonakin waɗanda suka riƙe irinsu sun yi kore layi-layi. Tamu sai ka yi taku ashirin kafin ka ga tsiro ɗaya, sauran duk ciyawa ce da ƙarangiya. Marubucin bai yi ƙarya ba ko a nan. Daga baya mun samu wani iri na taimako mai jinkirin nuna, mun ci abin da ya samu, amma hatsin kakana daga shekarar nan ya bar gidanmu.

A rana ta takwas ɗin muna zaune a bakin gonar, ƙanwata ta tafi neman ruwa, ya rage ni da Inna, abin da ba ya faruwa. Tana kallon gonar. Na ga ita a ranta ta yarda cewa duk abin da ta aika cikina ya shiga, ya zama karatu, kuma da wannan take jure abin da ke gabanta da abin da za ta gaya wa Baba. Na kasa barinta a haka. Na sunkuyar da kai na gaya mata komai, mai fura, tiya, gidan silima, da cewa fim ɗaya ne na yi ta komawa ina kallo.

Na so ta mare ni. Na so ta kira sunana ko da da zagi ne. Sai ta gyara zama ta ce, “To ba ni labarin, in ji abin da muka saya.”

Na ba ta. Na faɗi ganuwa da mayaƙan da suka kewaye ta, na faɗi yadda aka hana shiga da fita wata da watanni, yadda rumbunan birnin suka ƙare. Tana saurare da gaske, tana gyaɗa kai, har ta tambayi ko suna da rijiya a ciki. Na kai wurin kyakkyawar macen nan, na ce ta kife tukunya, ta ɗaga ido sama tana kuka, don babu abin da za ta dafa wa 'ya'yanta.

Inna ta juyo ta dube ni sosai, abin da ban saba gani ba. Babu fushi a fuskarta, mamaki ne kawai, da tausayin matar.

Ta ce, “Zaune ta yi? Su garin nasu babu tururuwa?”